Baba Ila, Mai Zanen Ƙauyenmu

Ina bakin rijiya da safen nan aka ce mini Baba Ila mai fenti ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Gugan ma ban san lokacin da na sake shi ba.

Waɗanda suka san inda muke zaune a Isa tun da ƴan bindiga suka tashe mu, sun san katangar nan. Shi ya zana ƙauyenmu a jikinta. Kowa ya zo ya faɗi inda gidansa yake, ya sa masa, har da rumbu da tsamiyar bakin masallaci. Na ce masa ƙofarmu ta karkace, ya ce, "Haka take tun zamanin kakanka, ɗana."

Ba ya zana mai rai. Ko kaza babu. Gari ne guda, ƙofofi a buɗe, ba kowa ciki. Wallahi har yau in na daɗe ina kallo sai tsigar jikina ta tashi. Amma a nan yaran da aka haifa a Isa suke koyon hanyar gida da yatsa.

In wani namu ya rasu aka binne shi a nan, sai Baba ya ƙara ɗan kabari a maƙabartar zanen. Yanzu maƙabartar ta cika, ta fara shiga gonaki.

Ranar Juma'a na same shi yana ƙara na wata tsohuwa. Na ce ya huta, jikinsa ba ƙwari. Bai ko waiwayo ba ya ce, "Tunda ba a kai su gida ba, ni ka kai su. Ni ko wa za shi kai ni?"

Dariya na yi.

Da muka dawo daga jana'iza sai muka samu kanmu a gaban katangar, ba wanda ya kira wani. Gwangwanin fenti na nan, kowa na kallonsa. Ni ko layi ban iya ja ba, amma na ɗauki burushin. Inna Hajo, ƙanwarsa, ta kama mini hannu ta matsar da shi.

"Ba nan ba. Can, kusa da uwatai."

Kabarin Baba ya fito a karkace, amma yana gida.

Allah Ya jiƙan Baba Ila, Ya haskaka kabarinsa, Ya mayar da mu garinmu da ƙafafunmu. Don Allah duk wanda ya karanta, ya yi masa addu'a.