Ranar da Na Kashe Fitilar Dawud

Wata safiyar Asabar cikin watan Mayun 2013, ina 'yar shekara goma, na yi abin da har yau in na tuna sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Umma ta aike ni hawa na uku in gaishe da Teta Fartuna (Teta na nufin kaka a bakin Misirawa), tsohuwar Bayahudiyar da ke zaune a saman gidanmu a unguwar Abbasiya ta birnin Alƙahira, in kuma kai mata 'ya'yan itacen mishmish a faranti. Ƙofarta a buɗe take kamar kullum. Na yi sallama, ta amsa daga baranda. Ina shiga falo na hango kofin gilashi a kan tebur, ruwa a ƙasa, mai a sama, ga ɗan lagwani yana ci da wuta, rana ƙiri-ƙiri! Ban yi wata-wata ba na hure shi fuf, na wuce baranda ina taƙama. "Teta, kin manta fitila a kunne, na kashe miki."

Ni dai ban yi don iya shege ba. A shekarar nan ana yawan ɗauke wutar lantarki, kuma makonni kaɗan kafin nan kyandir ya lashe mana gefen labule. Umma ta murɗe mini kunne, ta ce duk inda na ga wuta tana ci babu kowa a kusa in kashe ta, ko a gidan wa ne. Ga ni kuma da rawar kai, komai sai na sa hannu.

Karatun Abba ne ya kai mu Masar tun ina aji biyu. Gidan tsohon bene ne mai faɗin matakala, kuma mu yaran gidan a kan rufinsa muka girma, tsakanin kejin tattabaru da igiyoyin shanya. Ni na koya wa 'yan Masar carafke da langa, su kuma suka koya mini Larabcin titi har Abba ya fara kuka da bakina. Aikina na safe shi ne in zura kwando da igiya ta taga ga mai sayar da ful, dafaffen waken karin kumallo, in kuma kasa kunne in ji mai gas yana buga tukunyarsa da ƙarfe in kira shi. Sannan sai hawa na uku. Gwiwoyin Teta sun hana ta sauka, ba ta da ɗa ba ta da jika, don haka Umma ta ɗora mini duba ta kowace safiya. "Maƙwabci ba a tambayar addininsa kafin a gaishe shi," haka take cewa in matan 'yan'uwanmu ɗalibai suka yi mata tsegumi. Teta kuwa tsohuwa ce mai tsiya. Tana kirana Sarauniyar Surutu, tana cika mini aljihu da biskit mai riɗi, tana kuma yi mini faɗa in na taka mata darduma da silifa.

A ranar kuwa ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dafa kujera ta miƙe, ta lallaɓa zuwa falo, ta tsaya tana kallon hayaƙin da ke tashi daga kofin. Na ruga kicin na ɗauko ashana, ta riƙe mini hannu. "A'a, Nafisa. Yau Asabar, ranar hutu a addininmu. Ba na kunna wuta, ba kuma zan sa a kunna mini ba." Ta zauna ta rufe fuska da gyalenta. Wallahi ban taɓa ganin tsohuwa tana kuka haka ba. Na sauka da gudu ina ihu kamar ni aka daka.

Umma ta yafa mayafi ta hau, ina biye da ita a ɓoye a bayanta. A hankali maganar ta fito. Ranar ce ranar da ƙanen Teta, Dawud, ya rasu shekaru da yawa baya. A al'adarsu, duk shekara in ranar ta zagayo ana kunna wa mamaci fitila tun faɗuwar ranar jajibiri, a bar ta ta yi ta ci har ranar ta fita. Akwai kuma addu'ar da ake yi masa a wurin ibadarsu, amma sai maza goma sun hallara, su kuwa Yahudawan da suka rage a birnin 'yan tsofaffin mata ne, sauran duk sun watse ƙasashen duniya. Dawud bai yi aure ba, bai bar baya ba. "Fitilar nan ce kaɗai abin da ya rage nake iya yi masa," in ji Teta. "In na tafi kuma, khalas, shi ke nan, babu wanda zai san an taɓa yin wani Dawud."

Na ɗauka Umma za ta kwaɗa mini mari a wurin. Maimakon haka sai ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafun Teta, yadda ake zama in an je gaisuwar mutuwa a gida. Sannan ta ce da Larabcinta mai ƙamshin Zariya, "Ma'alish, yi haƙuri, Iya. Yarinya ce, kuma ni na sa mata dokar. Wane irin mutum ne shi Dawud ɗin?"

Kai, ashe tambayar da tsohuwar nan take jira ke nan shekara da shekaru! Ta share hawaye ta fara. Dawud mai gyaran keken ɗinki ne, yana yawo gida gida a kan kekensa da akwatin kayan aiki a baya. Da jin ƙarar keken ɗinki daga ƙasan bene yake faɗin abin da ya lalace. Ƙato ne mai gashin baki, amma kyanwa ta isa ta kore shi daga ɗaki. Yana son waƙa, muryar kuwa sai addu'a, har mahaifiyarsu takan rufe taga don kunyar maƙwabta. Lokacin da danginsu suke ta hawa jirgin ruwa suna barin ƙasar, an samo masa wuri, ya haɗa akwati, ya kai har bakin ƙofa, sai ya waiwayo ya ga mahaifiyarsu da ba ta iya tafiya. Ya ajiye akwatin ya ce a dafa masa shayi. Shekara goma sha ɗaya yana goya ta a baya zuwa kan rufi don ta sha rana. Teta tana ba mu labari tana dariya tana kuka, Umma ma haka, har tuwon ranarmu ya kusa ƙonewa. Da la'asar Teta ta ja ni jikinta ta ce, "Ke mai kashe fitila, tunda bakinki ba ya gajiya, na ba ki aiki. Riƙe mini labarin Dawud."

Na kuwa riƙe. Daga ranar, in na hau gaisuwar safe sai ta ƙara mini wani guntun labarin, washegari ta titsiye ni in maimaita kamar hadda. In na ƙara gishiri ta buga sanda a ƙasa: "Ƙarya kike, ba haka ya ce ba!" Da shekara ta zagayo ni na wanke kofin, ni na murza lagwanin auduga, ita ta kunna da hannunta. Umma ta soya waina ta raba wa gidan duka, ta ce mu a wajenmu haka ake tuna wanda ya riga mu. Abba da kansa ya ɗauki faranti ya kai wa mai gadi.

A 2015 Abba ya gama karatu, muka haɗa kaya. Ranar tafiya Teta ta ƙi yarda a yi kuka. Ta zaunar da ni a gabanta ta ce in ba ta Dawud daga farko har ƙarshe. Na ba ta, ban tsallake ko kyanwar ba. Ta gyaɗa kai ta ce, "Tamam, ya yi. Yalla, tafi." Bayan shekara biyu mai gadin gidan ya kira Abba ya ce ta rasu. Na yi kewarta ƙwarai, har yanzu ina yi.

Yanzu ina Zariya, na girma, ina koyarwa a makarantar firamare. Ina lura da yadda muke yi da mamatanmu a wannan zamani: a sa hoto a waya, a rubuta addu'a, bayan kwana biyu wani labarin ya danne shi. Nakan yi kewar zamanin da tsohuwa guda za ta zaunar da yarinya ta sa ta haddace mutum. Ban san lissafin watanninsu ba, ba na kuma kunna fitila, amma 'ya'yan yayata uku sun sha labarin Dawud a bakina har sun gaji. Kwanakin baya keken ɗinkin Umma ya ƙi tafiya, mai gyara ya yi ta yi mana gobe jibi. Sai ƙaramar cikin 'ya'yan yayar tawa, 'yar shekara biyar, ta tura baki ta ce, "Da Kawu Dawud yana nan da tuni ya gyara." Umma ta dube ni, na dube ta, babu wanda ya gyara mata zancen. Teta, ga shi har ya yi dangi a Zariya.