Ƙwayoyin Gero a Linjilar Baba

Jiya ina kakkaɓe adakar marigayi Babanmu, sai ga ƙwayoyin gero sun zubo daga tsohuwar Linjilarsa. Na daɗe zaune ina kallonsu.

Zamanin Turawa wani Bature ɗan mishan ya ba shi ita, da ya je karɓar maganin gyambo. Baba bai taɓa taka coci ba. A gindin ɗorawar gonarmu ta wajen Bagwai yake karatunsa, yana musu da littafin kamar abokin hira. 'Yan coci na ce masa ɓatacce, maƙwabta na ce masa ɗan mishan.

Ranar da Baturen ya zo ƙauyenmu, a gabana Baba ya tare shi.

"Bature, manomin nan na cikin littafinka, wa ya koya masa shuka? Mutum da hankalinsa ya watsa iri kan hanya da kan dutse? Mu sai mun sara da sungumi, mu zuba, mu take da ƙafa."

"Ka zo coci ran Lahadi a yi maka bayani," in ji Baturen.

"A'a. Mai shukar zan tambaya."

Damina uku yana fama da tambayar nan. Wata safiya muna shuka ya tsaya cak, ya ce, "Ladi, na gane. Allah ba ya rowar iri. Da yana zaɓen ƙasa, da ni ko ƙwaya ba zan samu ba."

Jiyan, na tsince geron ɗaya bayan ɗaya, na mayar shafin labarin mai shukar.

Ku fa, akwai tambayar da kuka ƙi kai wa kowa sai Shi?