Ban Ce Zazzaɓi Ba

Shekarar da ruwa ya cinye hanyar Guri, na makara komawa jami'a har gwaji ya wuce ni. Na zauna rubuta wa malaminmu wasiƙa. Kawuna, tsohon akawu a Haɗeja, ya leƙa takardar ya girgiza kai.

"Ka ce zazzaɓi ka yi, ɗana. Malaman birni ba su san ambaliya ba."

"To, yau za su sani, Kawu."

A wasiƙar na gaida malamin da ladabi, na bayyana cewa kwana tara muka yi muna kwashe shinkafa a kwalekwale, na nemi a sake mini gwajin. Ban ba da haƙuri ba, don ban yi laifi ba. Malamin ya gyara Turancina da jan biro, sannan ya sa mini ranar gwajin.