Injiniya da Tsofaffin Kwamfutocinsa Goma Sha Ɗaya

Shekara tara da suka wuce aka ce mini wai a benenmu, a ɗakin da ke saman shagon tela, akwai mutum ɗaya da tsofaffin kwamfutocin duniya suka dogara da shi. Na yi dariya. Na ce mutumin da bai iya gyara ƙofar ɗakinsa ba?

Ranar Talata, shida ga wata, bayan azahar, Allah Ya karɓi ranka, Injiniya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Na san ka ne ta dalilin wahala. Ni mai gyaran rubutu ne, yini nake ina gungura shafi a burauza, manhajar buɗe shafukan intanet. Wata rana kwamfutata ta sabunta kanta, shafi ya fara cijewa, in ja ƙasa ya tsaya, sannan ya yi tsalle ya haye layi uku. Ka sauko ka duba, ka ce, "Baba, ba tsufanta ba ne, laifinmu ne." Ashe 'yar manhajar da ke zana hoto a allo, wadda ake kira direba, kai da abokan aikinka ku ke rubuta ta kyauta, kowa ya ɗauka. Wani can ya gyara ta don sababbin kwamfutoci, ya gurgunta tsofaffi.

Daga nan ka mai da ni ma'auni. Ka cire rabin sauye-sauyen da aka yi wa manhajar, ka ce in gungura. In ce, "Har yanzu tana ɗingishi." Ka sake rabawa biyu. Haka har muka kama layin manhajar da ya yi ɓarnar. Ka ce yatsana ya fi na'urarka gaskiya. Na ce yatsan ne kaɗai ya rage.

Abin da ban gane da wuri ba shi ne ɗakin nan ya riƙe ka. Tsofaffin kwamfutocin gwaji goma sha ɗaya ne a ciki, kowace da irin cutarta. Ka toshe nan, wata mai zuwa can ya ɓalle. Shekara shida kana rubuta roƙon wani ya zo ya karɓi aikin. Godiya ake aiko maka, da sababbin ƙorafe-ƙorafe. 'Yarka ta haihu, ka ɗaure jaka don zuwa ganin jaririn sau uku, sau uku kana kwancewa. "Bari wannan ya wuce, Baba." Jikan ya fara tafiya ba ka gan shi ba.

Yanzu abokan aikinka sun rubuto: in ba a samu magaji cikin wata guda ba, za a cire tsofaffin kwamfutoci daga lissafin waɗanda ake kula da su. Tawa na ciki. Tun jiya ta koma ɗingishi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabari fiye da ɗakin nan. Ya ba maiɗakinka da 'yarka haƙuri.

Maganar nan da na ƙaryata kuwa, na sake jin ta shekaranjiya. Maiɗakinka ce ta faɗa, tana tsaye a ɗakin, hannunta a kan makunnin kwamfutocinka, ta kasa kashe su. Ta ce, "Baba, ashe da gaske shi kaɗai ne."