Garin da Girbi Ba Ya Ƙarewa

Da an gama girbin gero a ƙauyenmu na wajen Maraɗi, maza sai su tafi cin rani, gida ya rage daga mata sai mu yara. Bayan magariba kakarmu Iya Hajo takan hura wuta da kara, ta tura gyaɗa cikin toka, ni da ƙanena Sani mu yi ta matsowa har ta kore mu da sanda. Akwai ta da faɗa, amma tatsuniya a bakinta sai ka manta da yunwa.

"Ga ta nan," takan ce, "wanda ya yi gyangyaɗi ba na maimaita masa."

Wadda ta fi yi mana ita ce ta Tanko, wanda ya tafi cin rani ya faɗa garin da girbi ba ya ƙarewa. Duk sanda ya ɗaure kayansa zai koma gida shuka, sai mai gona ya ce, "Tsaya ka roro mini wake tukuna." Wake ya ƙare, auduga ta fashe. Ranar da ya dawo da furfura, baƙi ya tarar a gonarsa, suka ba shi ruwa suka tambaye shi daga ina. Dariya muke yi har da hawaye. Wane wawa ne zai ga hadari bai nufi gida ba?

Yau ina dakon kaya a wani sito a Al Qusais, can ƙasar Larabawa, Sani kuma yana aikin gona a wani ƙauyen Sifaniya. Iya Hajo da Baba sun rasu. Inna ta ba maƙwabcinmu aron gonar har mu dawo, sai muka ji ya dasa mangwaro a ciki. A wajenmu ba a dasa itace a gonar aro, sai in an ɗauke ta tamkar taka.

Na kira Sani raina a ɓace, na ce ya koma gida ya karɓi gonarmu.

"Yaya, tumatir ya ƙare amma inabi ya nuna, daga nan sai zaitun. In na tafi, patron, ubangidan namu, zai sa wani, khalas, shi ke nan. Kai fa, me ya hana ka?"

Ashe Tanko ba wawa ba ne, talaka ne kawai, kuma na ji kunyar dariyar da muka yi masa.

Inna ta daina tambayar yaushe za mu zo. Jiya a waya take gaya mini mangwaron ya yi 'ya'ya. "Allah ya saka masa," ta ce, "mai gonar ya aiko mini da kwano guda."