Guzurin 'Yan Ƙwadago

A zamanin mahaifinmu, fura mai gona yake kai wa masu noma, ya ɗora da goro in yana jin kansa. Manomi kuwa sai ya tsufa ya ishi kowa da tari kafin ya mutu. Da muka taso aka shigo da gadagi, mai sa ƙato ya nome gonarsa ya zarce ta maƙwabci bai sani ba, mu ko muna ta dariya. Yanzu tramol ke yayi, kuma maƙabarta sai karɓar waɗanda ko furfura ba su fara ba take yi. In ka tambayi dalili, a ce gajeruwar rashin lafiya.

Ina aiki a Tambuwal, gonata tana Kebbe. Hannun da ya saba da biro ba ya shiri da hauya, don haka taubashina, ɗan gwaggona, ke haɗo mini 'yan ƙwadago duk damina. Shi ne gaban kuyya in ana noma, shi ne gaba a iya shege.

"Bawana," in ji shi, "kuɗi daban, kaya daban. In so kaka gonag ga ta ƙare yau, ka san mi aka yi."

Na sani mana. Na sayi tramol ɗin na zuba aljihu, kamar mai kai alewa gidan suna. Shekarar farko ɗaya-ɗaya ta ishe su. Da aka jima sai bibbiyu. Shi kam har huɗu yake watsawa ya kora da shayi. Ina ganin yana ramewa. Na ce masa abin nan zai kashe shi.

"To amshi hauya, ba ni biro," ya ce.

Na yi dariya na bar maganar. Ina jin tsoron abin da zai same shi, wallahi, amma a lokacin na fi tsoron ciyawa.

Ranar maimai, wato noma na biyu, mutum ɗaya bai zo ba, sai taubashin nawa ya haɗa rabon ƙwayar wancan da nasa ya sha. Kafin azahar ya faɗi tsakiyar dawa yana shure-shure, kumfa na fita bakinsa. Abokan aikinsa, da nasu rabon a ciki, suka ce iskokin gona ne, wani har da tofi. Muka ɗora shi a babur, ina tuƙi, wani na riƙe da shi ta baya. Wanda ya san hanyar nan da damina ya san ba a sauri a kanta. Kafin mu kai asibiti na ji kansa ya yi nauyi a bayana.

A wurin zaman makoki aka rabu biyu, masu cewa rana ta buge shi da masu cewa aljanu. Na zauna ina karɓar gaisuwa, babu wanda ya tambaye ni komai.

Ranar uku Gwaggo ta sa aka kira ni ɗakinta. Na durƙusa, na shirya in faɗa mata gaskiya. Ta riga ni.

"Duk dangi sun gaji da shi," ta ce. "Kai ɗai kar riƙe shi, kana ba shi aiki, kana ba shi abin da shika so. Allah shi yi ma ɗiyanka yadda kay yi mai."

Matan ɗakin suka amsa da amin. Ta tsaya tana duban bakina, tana jiran tawa.