Bindigar Da Na Binne Wa Kawu A Cikin Dabino

A lokacin ina ɗan shekara goma sha biyar, kuma da za a tara yaran unguwarmu ta Jarwal a ce a fito da wanda ya fi kowa cika baki, ni za a turo gaba ba tare da an yi shawara ba. A Makka aka haife ni, a nan aka haifi Babana, amma Ummata daga Kano aka kawo ta. Ban taɓa taka Najeriya ba. Abin da na sani game da ita duk ta waya na san shi, daga bakin ɗan kawuna, wanda sa'ana ne kuma abokin hamayyata. Idan ya ce an yi ruwa a garinsu har ya shiga ɗaki, sai in ce namu na bara ya tafi da motoci da direbobinsu. Haka muke kullum, ba mai yarda a kayar da shi.

Wata rana ya turo mini hotonsa riƙe da doguwar bindigar wani maharbi maƙwabcinsu, ya murtuke fuska kamar wanda ya gama da zakunan duniya. Na ce masa wannan ai sandar korar awaki ce, ni ƙaramar bindiga gare ni, irin ta aljihu. Ya ce in nuna. Washegari na tafi kasuwa a Zahir na sayo bindigar wasa ta ƙarfe, mai nauyi, mai harba 'yan ƙwallayen roba. Bakinta ja ne don kowa ya san ta yara ce, ni kuwa na bi jan nan da baƙin fenti har ya ɓace. Na naɗe kaina da rawani, na ɗauki hoto na tura. Na fara murna ke nan, sai ga saƙonsa: mahaifinsa yana nan tafe Umara, idan na cika namiji in ba shi ya kawo masa ya taɓa da hannunsa, in ba haka ba sunana maƙaryaci har abada.

Kawuna, yayan Umma, tsohon malamin firamare ne, mutum mai sanyi da tsoron hukuma. Ko mai gadin otal ya gani da kaki sai ya rage murya ya gaishe shi sau biyu. Yana wajenmu aka bugo waya cewa babbar 'yarsa ta haihu, jikansa na fari ke nan, kuma suna ya faɗo washegarin ranar da jirginsa zai tashi. Tun daga ranar bai ƙara zancen komai ba sai sunan nan. Ya sayi kwalin dabinon ajwa, ya ce da shi za a buɗe taro, kuma shi da kansa zai tauna ya ɗanɗana wa jaririn. Ya ce kwalin ba zai shiga cikin manyan kaya ba, a jakar hannu zai riƙe shi kamar ƙwai.

Duk wanda ya zauna a nan ya san abin da ke faruwa idan baƙo zai koma gida. Unguwa gaba ɗaya sai ta tuna tana da dangi. Wannan ta kawo abaya a kai wa ƙanwarta, wancan ya kawo turare, wata ta kawo tulun shayi da ya kusa kai girman Kawun. Umma tana da doka ɗaya: kowane saƙo sai an kwance shi a gabanta, ko na limamin unguwa ne. Don haka na san bindigata ba za ta wuce ta hannunta ba. Na jira ta gama bincikenta ta shiga kicin, na buɗe kwalin ajwa, na haƙa rami a tsakiya, na kwantar da bindiga, na mayar da dabino a kanta, na shafe sama sumul. A lissafina na wancan lokacin, na'urar filin jirgi tufafi kawai take iya lekawa, dabino kuwa ya yi mata danƙo, ga shi kuma abu mai albarka. Ni kaɗai na yi wannan nazarin, ni kaɗai na ba kaina maki.

Baba ya kai mu filin jirgin Jidda. Da aka karɓi manyan kaya sai ya yi sallama da Kawu, ya ce in tsaya in ga shigarsa, shi zai je ya yi azahar. Ina daga nesa ina ɗaga hannu, na ga jakar Kawu ta shiga na'ura. Ba ta fito ba. Mai kallon allon ya mayar da ita baya, ya sake shigar da ita, ya kira na kusa da shi, na kusan ya kira wani. Kafin ka ce kwabo mutane masu kaki sun kewaye allon nan kamar ana nuna wasan ƙwallo. Kawu yana tsaye, hularsa a hannu ɗaya, agogonsa a ɗayan, yana yi wa kowa murmushi. Ni kuwa na san asirina ya tonu. Na kira Baba, wayarsa a kashe. Can sai ga wani askari cikin masu kakin nan ya fito yana tambayar wa ya rako dattijon nan, don ba ya jin Larabci, ana neman mai fassara.

Haka aka shigar da ni wani ɗan ɗaki in yi tafinta a shari'ar da ni ne mai laifinta. Bindigar tana kan tebur, ta yi dumu-dumu da dabino, har da ƙwallon dabino ɗaya maƙale a kunamarta. Babban jami'in ya ce in tambayi dattijo ta wace ce. Ban ma buɗe baki ba Kawu ya dubi bindigar, ya dube ni, ya sake duban bindigar, na ga ya gane komai. Ya ce da ni cikin sanyin murya in faɗa musu tasa ce, ya saya ne don ɓarayi sun dame shi a gona. Na ce Kawu ai ba ka da gona. Ya ce in rufe masa baki, ɗan banza, shi tsoho ne za su tausaya masa, ni kuwa idan aka rubuta sunana a wajen hukuma tun yanzu, me zai gaya wa ƙanwarsa. Jami'in ya tambaye ni me ya ce. Na ce ya ce yana gaishe ku, ya aiki. Ya ce duk wannan dogon zancen gaisuwa ce? Na ce ai gaisuwarmu tana da tsawo, bai ma zo kan iyali ba tukuna.

Bai yi dariya ba. Ya ce in gaya wa dattijon cewa idan tasa ce, ba jirgi ba gida, za a wuce da shi wani wurin a ci gaba da bincike. Na dubi Kawu, yana ta yi mini alama da ido in faɗi abin da ya ce. A nan cika bakina ya ƙare. Na fashe da kuka, na zayyana musu komai da Larabci, tun daga hoton maharbi har fenti har ramin dabino. Kawu kuwa, da yake ya ɗauka maganarsa nake fassarawa, sai gyaɗa kai yake yana cewa na'am, sahihi, wallahi haka ne. Ni ina tona kaina, shi yana sa hannu.

Aka gwada bindigar aka ga ƙwallon roba take tofarwa. Na ɗauka shi ke nan, sai jami'in ya zaunar da ni ya wanke ni tas. Ya ce a filin jirgi babu bindigar wasa, duk abin da ya yi kama da makami ba ya shiga jakar hannu, balle wanda aka shafe alamarsa aka kuma ɓoye shi. Ya ce ko mai bindigar gaske da lasisinsa sai ya sanar tun da wuri, an duba takardunsa, an kulle ta cikin manyan kaya, kuma izinin wata ƙasa ba ya aiki a wata. Yana cikin haka Baba ya shigo. Kallo ɗaya ya yi mini na ji na girma na tsufa na mutu an binne ni. Saboda ɓoyewar da aka yi, sai da aka sauko da duk kayan Kawu aka kwance saƙon mutanen Jarwal ɗaya bayan ɗaya, har tulun shayi aka leƙa cikinsa. Kafin a gama a sallame mu, jirgi ya tashi.

Ba a samu wani jirgin ba sai bayan suna. Hukuncin da Baba ya yi mini ba zan rubuta shi a nan ba, amma na yi kwanaki ina cin abinci a tsaye. Ɗan kawuna kuma da ya ji ta roba ce ya ce dama ya faɗa. Duk wannan bai dame ni ba kamar safiyar sunan. Kawu ya yi wanka ya sa babbar rigar da ya tanada, ya zauna a falonmu, aka kira shi ta bidiyo. Ni na riƙe masa wayar. Ana raɗa suna hoton yana tsayawa yana tafiya, shi kuma yana ta matso da fuskarsa yana tambaya ko yaron ya buɗe ido. Da aka kashe ya share fuskarsa da hannun riga, ya ce in miƙo masa dabinon nan, tunda mai shi bai samu ba mu ci. Bai taɓa yi mini faɗa a kan abin ba har yau. Abin da kawai ya ce shi ne, bai taɓa yin ƙarya saboda kowa ba sai ranar, ita ma aka ƙi fassara masa.

Na rubuto wannan ne don 'yan'uwana matasa, musamman mu da baƙi ke sauka a gidajenmu. Kada ka cusa wa matafiyi abin da bai gani da idonsa ba, ko allura ce. Kai kuma matafiyi, ka buɗe kowane saƙo, har wanda ka ɗaure da hannunka idan akwai irina a gidan. Bindiga, ta gaske ko ta wasa, a tambayi doka kafin a doshi filin jirgi da ita. Ni gardamar waya na so in ci, kuma ban biya kuɗinta ba, wani ya biya. Jaririn nan yanzu ya yi wayo yana gudu, an turo mana hotunan sunansa, kowa na ciki, har maharbin nan na maƙwabta. Kakansa ne kawai babu, kuma ni na cire shi.